Idon Mai Hoto a Fagen Siyasa: Aikin Boniface Mwangi na Kenya

Ranar 27 ga Disamba 2007 mutanen Kenya suka jefa ƙuri'a. Bayan kwana uku hukumar zaɓe ta ce Mwai Kibaki ne ya ci, aka rantsar da shi a gurguje da almuru, magoya bayan abokin takararsa Raila Odinga kuwa suka ce atafau an tafka maguɗi. Kafin gari ya waye wuta ta kama. A unguwannin talakawan Nairobi irin su Kibera da Mathare, da garuruwan Kisumu da Eldoret, daga baya Nakuru da Naivasha, maƙwabci ya zari adda ya tasar wa maƙwabcinsa. Ranar 1 ga Janairu 2008 aka cinna wa wata majami'a wuta a Kiambaa, kusa da Eldoret, da mata da yara a ciki. Kafin Kofi Annan ya shawo kan shugabannin biyu su sa hannu a yarjejeniyar raba mulki ranar 28 ga Fabrairu, an kashe mutum fiye da 1,100, kimanin 600,000 kuma sun bar gidajensu.

Cikin masu bin tituna a waɗannan makonni akwai wani saurayi ɗan shekara 24, mai ɗaukar hoto a jaridar The Standard, sunansa Boniface Mwangi. Sunan kansa ma kaya ne a lokacin. Duk ɗan Kenya da ya ji Mwangi ya san ɗan ƙabilar Kikuyu ne, ƙabilar Kibaki, ga shi kuwa a wurare da dama samari sun datse hanya suna duba katin shaida, sunan da ke jikin katin shi ke raba wanda zai wuce da wanda za a sauke. Da wannan suna ya shiga, kyamara rataye a wuya. Ya ci lambar yabo ta CNN ta gwarzon mai hoton jarida na Afirka a 2008, ya sake cin ta a 2010.

Ba ɗan gata ba ne. An haife shi a 1983 a Taveta, kan iyakar Kenya da Tanzaniya, ya tashi a unguwannin Ngara da Pangani na Nairobi yana taya mahaifiyarsa tallar littattafai a bakin titi. Karatu ya yi ta yankewa, bai kammala sakandare ba. Da mahaifiyar ta rasu a 2000 sai ya shiga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da niyyar zama fasto, a can ne labarin Mohamed Amin ya ja hankalinsa. Amin ɗan Kenya ne, shi ya ɗauki hotunan yunwar Habasha a Korem a 1984 waɗanda BBC ta nuna duniya ta girgiza. Ya rasa hannunsa na hagu a fashewar wani rumbun makamai a Addis Ababa a 1991, ya sa hannun roba ya koma bakin aiki, har ajali ya riske shi a 1996 cikin jirgin saman Habasha da aka sace ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros. Yaron da ke tallar littafi ya ga cewa mutum guda da kyamara yana iya tilasta wa masu mulki su dubi abin da suke kau da kai daga gare shi. Ya samu gurbi a wata makarantar koyon aikin jarida, yana talla yana biyan kuɗin karatu.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin mai hoton jarida ƙarfin hali ne kawai: ka je inda ake rikici ka danna. Ƙarfin hali yana ciki, amma shi ne mafi sauƙin bayani. Abin da ya fi wuya shi ne lissafin da hannu ke yi alhali zuciya na dukan uku-uku.

Kyamara abu uku take tambayar mai ita a kowane hoto: yaya faɗin ƙofar da haske zai shiga, tsawon wane lokaci ƙofar za ta zauna a buɗe, sannan yaya ƙarfin jin haske na farantin da ke ciki. Ukun nan a ɗaure suke da juna, in ka ƙara ɗaya dole ka rage wani. Mutumin da ya sheƙo a guje, sai ƙofar ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, ko fiye da haka sauri, kafin a kama shi cak. In ta yi jinkiri zuwa kashi ɗaya bisa 30, sai ya fito dishi-dishi, ba fuska ba kamanni. To amma saurin ƙiftawa yana rage haske, sai ka buɗe ƙofar da faɗi. Da ka buɗe ta da faɗi kuma, abin da ka saita ido a kai kaɗai zai fito tar, na bayansa ya dushe. A hoton amarya wannan ado ne. A hoton rikici asara ce, domin ana bukatar a ga mai gudun, a kuma ga gidan da ke ci da wuta a bayansa, in ba haka ba babu wanda zai san abin da ya koro shi. Gwani yana warware wannan da yatsa biyu, ba tare da ya sauke kyamara daga ido ba, kuma yana sake warware shi duk lokacin da hayaƙin taya ya rufe rana ko iska ta yaye shi.

Akwai wata matsala da duk mai ɗaukar hoton baƙar fata ya sani. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara tsaka-tsaki yake nema. In bayan mutum akwai farin bango, ko sararin sama mai haske, ko harshen wuta, sai ma'aunin ya ruɗe ya rage haske, fuskar ta fito baƙi ƙirin, ba ido ba baki. Nairobi kuwa dab take da layin da ya raba duniya biyu, ranar tsaka a can bisa ƙoƙon kai take tsayawa, ta jefa idanun mutum cikin inuwar goshinsa. Wanda ya iya aiki a fuska yake auna haske, ya bar sama ta ƙone in ta ga dama, domin hawaye da tsoro da fushi a fuska suke. Hoton da ba a ga idon mutum ba, ya nuna cewa wani abu ya faru, amma bai nuna wa ya faru da shi ba.

Sai batun nisa, wanda a ganina shi ne ke bambanta masu wannan sana'a. Akwai dogon gilashi mai jawo na nesa kusa. Da shi mutum zai hau bene ya ɗauki rikici lafiya lau, ya sauko ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Illarsa ita ce yana matse mutane wuri guda, na gaba da na baya su haɗe su zama tari, mai kallo ya ga gungun 'yan tarzoma kawai. Gajeren gilashi mai faɗin gani kuwa ba ya ba ka hoto sai ka matso inda hannun mutumin zai iya kai maka. Nan ne tari ke rarrabuwa ya zama mutane: wannan yaro ne, wancan dattijo ne, waccan goyo ne a bayanta. Duk wanda ya dubi hotunan Mwangi na wancan lokaci zai ga ba daga bene aka ɗauke su ba. Mai kallo yana jin kamar shi ma a wurin yake tsaye, kuma wannan jin ne ke hana shi cewa abin ba ruwansa.

Matsowa kusa tana tafiya da karatun taro. Gwani ido biyu yake buɗewa, ɗaya a kyamara, ɗaya a kan abin da ke zuwa daga gefe. Yana lura da inda iska ta nufa saboda barkonon tsohuwa, ya san lungun da zai bi in an watse, ya san lokacin da ihun jama'a ya sauya murya. Hoto mai kyau ba a bin sa a baya, tarar sa ake yi. Kafin abu ya faru mai hoto ya riga ya hango shi, ya tsaya inda zai same shi. Wanda ya jira sai ya gani da idonsa sannan ya ɗaga kyamara, ƙeyar labari zai ɗauka.

Daga nan kuma sana'ar ta bar hannu ta koma zuciya. Kowane hoto yana da gefe huɗu, abin da aka bari a waje bai kasa na ciki muhimmanci ba. Ka ɗauki saurayi riƙe da dutse ka yanke ɗan sandan da ya auna shi da bindiga, ka yi ƙarya ba tare da ka furta kalma ba. Ka ɗauki ɗan sandan ka yanke shagon da ake wawushewa, nan ma ka yi. A rikicin da kowace ƙabila ke cewa ita aka zalunta, mai hoto na gaskiya dole ya nuna gawar kowane ɓangare da addar kowane ɓangare, har da na ƙabilarsa. Sannan ya rubuta a ƙasan hoton wuri da rana da abin da ya faru. Wannan ɗan rubutu da ake rainawa shi ne ke mai da hoto shaida. Mu ma mun sha gani, duk lokacin da rikici ya tashi, yadda ake tono tsohon hoton wata ƙasa a watsa shi a Facebook da WhatsApp a ce na jiya ne a garin kaza, a hura wutar da shi.

Ga kuma tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: ya halatta a nuna gawa? Mu da muka tashi da sanin cewa mamaci sutura yake bukata, abin yana yi mana nauyi, kuma nauyin yana da hujja. Editocin jarida ma sun ji wannan nauyi, shi ya sa da yawa daga hotunan Mwangi ba su shiga shafi ba saboda muninsu. Ni dai ina tare da shi a kan cewa akwai lokacin da rufe hoton rufa asirin makashi ne, ba na mamaci ba. Dalili kuwa shi ne abin da ya biyo baya: manyan da suka yi ta zuga sun raba muƙamai, sun zauna tebur guda, aka ce wa talaka ya manta. Mutum shida da mai gabatar da ƙara na kotun duniya da ke Hague ya ambata a ƙarshen 2010, babu ko ɗaya da aka yanke wa hukunci a kan kashe-kashen. Biyu daga cikinsu, Uhuru Kenyatta da William Ruto, su ne suka zama shugaban ƙasa da mataimakinsa a 2013, daga baya aka janye tuhumar ɗaya, shari'ar ɗayan ta rushe.

Mwangi bai fita daga wannan aiki kalau ba. Ya sha faɗa da bakinsa cewa abin da ya gani ya bar masa firgici da baƙin ciki mai tsanani. Abin da ya ƙara dagula masa rai shi ne, da ƙura ta lafa, aikinsa ya koma bin 'yan siyasar nan yana ɗaukar su suna murmushi suna musafaha. Ya ajiye aikin jarida. Ranar 1 ga Yuni 2009, a filin wasa na Nyayo, Shugaba Kibaki na cikin jawabin bikin ranar samun mulkin kai, sai ya miƙe cikin taro ya ɗaga murya yana ƙalubalantar sa. Sun shirya da abokai za su tashi tare, da lokaci ya yi ya waiga ya ga shi kaɗai ne a tsaye. Aka lakaɗa masa duka, aka kulle shi.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya fi burge ni a duk tarihinsa, domin ya gano wani sashe na sana'ar da makarantu ba su cika koyarwa ba, wato wa zai ga hoton, kuma a ina. Hoton da aka rataye a zauren baje koli, jakadu da 'yan boko ne za su gan shi, su girgiza kai su wuce wurin shan shayi. Shi kuwa sai ya wanke hotunan manya-manya, ya kafa su a fili, a bakin titi da dandalin gari, ya sa wa shirin suna Picha Mtaani, wato hotuna a unguwa da harshen Suwahili. Aka yi ta yawo da su gari-gari, har wuraren da aka yi kisan. Mai tura baro da mai tallar kayan miya da ɗan makaranta suka tsaya suna kallo, wanda aka kashe wa ɗan'uwa yana tsaye kusa da wanda wataƙila ya riƙe adda. Gani ya kori ji. Akwai masu ba da shawara a wurin domin waɗanda abin ya taɓa, ana kuma tattaunawa a kan sulhu. An ƙiyasta cewa 'yan Kenya fiye da 600,000 ne suka ga wannan baje koli, aka kuma yi fim ɗin Heal the Nation a kansa. Duk wanda ya tuna rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011 a arewacin Nijeriya, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800, zai gane girman abin da aka yi a nan: an hana mutane su ce ba su sani ba.

A ƙarshen 2011 ya buɗe PAWA254 a Nairobi, matattarar masu hoto da masu zane da mawaƙa da 'yan jarida. Daga nan salonsa ya juya. Maimakon ya jira abu ya faru ya ɗauka, sai ya koma shirya abin da dole wasu su ɗauka. A farkon 2012 mutanen Nairobi suka wayi gari suka ga an zane bangayen tsakiyar birni da hoton ɗan majalisa da kan ungulu. A Yuni na shekarar aka kai akwatunan gawa 49 ƙofar majalisa, kowane ɗaya a madadin shekara guda tun samun 'yanci a 1963. A Janairu 2013, da 'yan majalisa suka amince wa kansu da garar sallama har da jana'izar gwamnati, aka ƙone akwatuna 221 a wurin. A Mayu 2013, lokacin da sababbin 'yan majalisa suka tubure kan rage musu albashi daga shilin 851,000 zuwa 532,000 a wata, aka saki aladu a ƙofar majalisar, aka kwarara jini suna lasa. Wasu sun soki wannan saboda wahalar da dabbobin, kuma sukar tana da gindi. Amma dubi aikin ta fuskar sana'a: abu guda a tsakiya, launi mai fizgar ido, ginin majalisa a baya yadda ba sai an yi bayani ba, da rana tsaka lokacin da 'yan jarida ke da sararin kai labari kafin dare. Mai hoto ne kaɗai zai tsara zanga-zanga haka. Ya san abin da edita ba zai iya jefarwa ba, domin ya taɓa zama wanda ake jefar wa da hoto.

A 2017 ya ce ihu daga waje ya isa. Ya tsaya takarar ɗan majalisar dokoki na mazaɓar Starehe, wadda ta ƙunshi tsakiyar birnin Nairobi da unguwannin da ya tashi a ciki, a ƙarƙashin sabuwar jam'iyyarsa mai suna Ukweli. Ya ƙi raba kuɗi. Maimakon haka shi ya riƙa neman gudummawa daga jama'a, mutane na turo ɗan abin da ya sawwaƙa ta M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya. Ya bi kasuwanni da tashoshin mota da ƙafa, yana magana da mutane ɗaya bayan ɗaya, irin matsowar da gajeren gilashi ya koya masa. Fim ɗin Softie na Sam Soko, wanda ya samu lambar yabo ta musamman a bikin fina-finai na Sundance na 2020, ya bi shi cikin wannan yaƙin neman zaɓe. A ciki ana ganin masu ƙuri'a suna tare shi suna neman na goro, yana ba su haƙuri, wasu na juya masa baya. Ana kuma ganin abin da gidansa ya ɗanɗana, yadda barazanar kisa ta sa matarsa Njeri ta kwashe 'ya'yansu uku zuwa Amurka na wani lokaci.

Ranar 8 ga Agusta aka yi zaɓe, ya zo na uku. Mawaƙi Charles Njagua, wanda aka fi sani da Jaguar, na jam'iyyar Jubilee mai mulki, shi ya lashe kujerar, Steve Mbogo na jam'iyyar ODM ya bi masa. Ba abin mamaki ba ne. A Kenya takardun ƙuri'a shida ake miƙa wa mutum rana guda, daga shugaban ƙasa har wakilin gunduma, kuma da yawa jam'iyya guda suke dangwala wa tun daga sama har ƙasa, abin da mu nan muke kira sak. Hoto yana iya tsayar da mutum a titi ya sa shi hawaye, amma ba ya tsayawa wakili a rumfar zaɓe, ba ya kuma biyan kuɗin hayar da ya sa talaka karɓar na goro. Wannan iyakar sana'ar ce, kuma Mwangi ya ci karo da ita a gaban kowa. Sai dai ban ɗauki ƙuri'un da ya samu ƙaramin abu ba, domin kowace ɗaya an jefa ta ne ba a biya ba, a mazaɓar da manyan jam'iyyu biyu suka zuba ƙarfinsu.

Bai koma gida ya zauna ba. Yana cikin fitattun muryoyi a zanga-zangar matasa ta Yuni 2024 kan dokar haraji. A Mayu 2025 aka kama shi a Dar es Salaam, inda ya je halartar shari'ar madugun adawar Tanzaniya Tundu Lissu, aka tsare shi kwanaki, aka yar da shi a kan iyaka, ya fito ya ce an azabtar da shi. A Agusta 2025 ya bayyana cewa zai nemi shugabancin Kenya a zaɓen 2027.

Matashin da ke koyon ɗaukar hoto, musamman wanda aikinsa yanzu bin ayarin 'yan siyasa ne, ya nemi littafin Mwangi mai suna UnBounded na 2016, ya kuma kalli Softie. Ya bi hotunan a tsanake da idon ɗan sana'a: ina mai hoton ya tsaya, a kan me ya auna haske, me ya shigar, me ya bari a waje. Sannan ya riƙa adana asalin hotunansa, ya rubuta wa kowane wuri da rana, har waɗanda maigidansa ba zai so a gani ba.